Ruwan Asubar Injiniya Maigandi

"Ni da hetur mun rabu, saki ukku, babu kome," in ji Maigandi, yana buga ƙirji a bakin lambunsa da ke fadamar Argungu. "Daga yau rana ka yi min aiki. Ku kau ku ci gaba da shaƙar hayaƙi, sannu a hankali za mu waye muku kai."

Mai karatu, in ba ka san Maigandi ba ka yi asarar kallo. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan a Birnin Kebbi. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya kama noman albasa, ya kuma naɗa wa kansa sarautar Injiniya, alhali ko tocila bai taɓa gyarawa ba. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo yake jin labarin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana a rediyo, har ya haddace. Ranar da Babatunde, mai shagon kayan sola a Birnin Kebbi, ya kawo masa faya-fayai shida a bayan a-kori-kura, kai ka ce shi ya ƙera ranar.

To, a wannan gefen fadamar rijiya ɗaya ce tsakanin lambuna uku, kuma ba ta ɗaukar inji biyu lokaci guda, sai an bar ta ta huta ta tara ruwa. Don haka tun kaka da kakanni rabo ake yi. Ruwan asuba, daga sallar asuba zuwa fitowar rana, na tsoho Tamba ne, don shi ne babba. Ruwan la'asar na Malami ne, limamin masu lambu. Ruwan tsakar rana, wanda kowa ke gudu saboda ƙwalleliya, shi aka bar wa Maigandi tunda shi ya zo daga baya. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai. A ce Injiniya guda yana gasuwa cikin rana kamar kifin banda, manomin da bai san baƙi ba yana ban ruwa cikin sanyi.

Yanzu da ya zama mai sola, sai ya ga lokacin gyara tarihi ya yi. Ya jawo tsohon injinsa na fetur ya dire gaban Tamba.

"Baba Tamba, naka injin kullum tari shikai. Ga wanga, lahiyatai lau, na ba ka. Kai kau ka bar min ruwan asuba, ka ɗauki na rana."

Tamba ya dubi injin, ya dubi faya-fayan da aka jera suna ƙyalli, ya sosa gemu.

"Injiniya, ka tabbata?"

Babatunde, wanda yake ɗaure waya a gefe, ya ɗago kai.

"Alhaji, tsaya in gaya maka wani abu. Wannan da ka saya ba shi da batir, sai rana ta…"

"Kai ɗaura wayarka," Maigandi ya katse shi. "Ka sayar, na saya. Ilimin abin kau ka bar ma masu shi."

Babatunde ya koma kan wayarsa. Malami ya tara hannu aka shafa Fatiha a kan musayar, gaban shaidu. A fadamar nan kuwa, abin da aka shafa wa Fatiha ya zauna ke nan har kaka.

Washegari da asuba Maigandi ya iso cikin farar shadda. Sati ɗaya ke nan da ya yi dashen albasa, fangali ɗari da ashirin, kuma albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Ya yi bismilla ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Kwaɗi ne kawai suka amsa masa. Ya ce injin yana ɗumi ne. Sai da rana ta leƙo ta bayan giginya sannan tiyo ya yi wani ɗan kaki, ya tofar da ruwan da bai kai cikin buta ba.

Daidai nan Malami ya biyo ta kan kunya.

"Injiniya, rana ta hito. A bar rijiya ta huta."

Rana ta biyu ya goge faya-fayan da hularsa, ya ce raɓa ce. Rana ta uku ya sungumo madubin ɗakin matarsa Umma, wai zai tara haske ya harba. Ya tsaya cikin duhu riƙe da madubi, ba abin da ya gani a ciki sai kansa. Rana ta huɗu ya zo da dabarar da ya ce ko Turawa ba su kai nan ba. Ya kafe babur ɗinsa gaban faya-fayan, ya kunna fitila, ya yi ta murza totur har fadama ta cika da hayaƙi. Ruwa bai fito ba, mai ya ƙare, mai sakin fetur saki uku ya turo babur da ƙafa har cikin gari.

Albasa kuwa ta fara kwanciya, bakin ganyen ya yi ruwan ɗorawa. A nan ne tsoro na gaske ya kama shi. Ya laɓe bayan rumbu ya kira Babatunde.

"Wannan batir da ka ce, ko nawa na, ka kawo min shi gobe."

"Alhaji, irin wanda zai ja injinka sai na yi oda daga Legas. Sati uku."

"Albasata ba ta kai kwana ukku."

"Shi ne abin da na so gaya maka ranar, ka ce in bar wa masu ilimi."

Umma, da ta ji komai ta kan katanga, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ni dai ban iya miya da girman kai ba. Ka tai ka ba Baba Tamba haƙuri. Ka kuma maido min madubina."

Haka Injiniya ya rusuna gaban Tamba, hula a hannu, yana roƙon a mayar da rabo yadda yake da.

"Ayya ɗana, abin da anka yi ma Hwatiha wa ka warware shi?" in ji Tamba. "Amma ba ni bari albasakka ta mutu ina kallo. Hwaya-hwayan ga naka da injinsu zaune suke banza da rana, ka ara min su. Ni kau in ara maka injina da asuba. Sai dai ka zo da manka."

Injin nasa da yake magana, ka san ko wane ne. Wanda Maigandi ya dire masa ne a gaban shaidu.

Albasa ta farfaɗo, wannan kam gaskiya ne. Kullum da asuba za ka ga Injiniya yana fizgar igiyar tsohon injinsa yana tari cikin hayaƙi, da rana kuma Tamba ya shimfiɗa buzu ƙarƙashin mangwaro, ruwa yana ta kwarara a lambunsa ba ƙara ba wari.

Ana haka wata ma'aikaciyar rediyo mai suna Nuriyya ta zo fadamar neman manomin da ya fara komawa sola. Aka nuna mata inda ruwa ke zuba. Ta zauna ta ɗauki muryar Tamba, tana ta yaba hangen nesansa. Sai ga Maigandi ya dawo daga gidan mai, ɗauke da jarkar gobe a ka, fetur yana ɗiga a kafaɗar shaddarsa. Ya hango na'urar ɗaukar magana, ya ƙara sauri yana gyara murya.

Nuriyya ta toshe hanci da mayafi.

"Baba, ashe har yanzu akwai masu fama da fetur a nan? Wannan bawan Allah fa?"

Tamba ya dube shi da tausayi, ya matso da baki kusa da na'urar, yadda duk jihar Kebbi za ta ji.

"Maƙwabcina na, ɗiyata. Mutumin kirki. Sannu a hankali muna waye mai kai."