Ƙashi Biyu a Kwalin Alawa

Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Sati guda na yi ina sauraron saƙonnin waya cewa ana narka ƙashin alade a zuba a alawa, har na ɗauki kaina masani.

Ranar sunan 'yar ƙanwata a Ƙofar Ran, Goggo ta fito da kwalin alawa, tsarabar ƙasar Kamaru. Ina dubawa na ga an rubuta "Bonbon". Da ɗan Turancina na san "bon" ƙashi ne.

Na ce, "Goggo, ƙashi ne fa. Don rashin kunya har sau biyu suka rubuta!"

Na fizge kwalin na juye a kwata, na hau wa'azi ina tayar da jijiyar wuya.

Madam Rifkatu, maƙwabciyarmu mai koyar da Faransanci, ta ɗauki kwalin ta duba. Ta ce, "Malam, ai Faransanci ne. Ma'anarsa alawa."

Goggo ta dube ni, ta dubi kwata, ta juya ta shige ɗaki. Gara ma ta zage ni.

Shekara uku ke nan. Jaririyar da aka raɗa wa suna ranar ta iya magana, kuma Kawu Ƙashi-Biyu take kirana. Wanda ya koya mata nake nema.