Jawabin Injiniya Kashe-Kunna Ya Ƙi Fitar da Murya

Jama'a, a tafa wa ƙanenmu! Kaf layinmu babu masanin kwamfuta irinsa. Ya je kwas ya dawo da tabarau, alhali idonsa garau. Injiniya Kashe-Kunna muke ce masa, don ko fanka ce ta tsaya maganinsa ɗaya ne. Shi kuwa rabin farko na sunan kawai yake ji.

Ana nan sai ƙungiyar masu gyaran waya ta ba shi dama ya yi jawabi a taronta. Abokinsa ya ɗauki bidiyo daga cikin 'yan kallo, ya turo masa. Injiniya ko buɗewa bai yi ba, ai ya san zinaren da ya zubar. Sai ya gayyato baban yarinyar da yake nema, dattijon da har yau bai ce e ba, bai ce a'a ba, wai ya zo ya ga irin surukin da Allah zai ba shi.

Aka share falo. Aka ɗora kwamfuta kan teburin guga, aka jona mata sifikar aro. Dattijo ya zauna a kujerar Babanmu. Injiniya ya danna.

Hoto kam tar! Ga shi cikin kwat, baki na motsi kamar kifi a bokiti. Ga jama'a sun miƙe, hannuwa sama. Murya fa? Tsit. Sai wani ɗan akwati ya fito a allo da Turanci.

"Kodek ne, Baba," in ji Injiniya, yana gyara tabarau. "Wato tafintan da ke fassara wa kwamfuta sauti. Ba kowa ke gane wannan fannin ba. Ni ma sai da na yi zurfi."

Dattijo ya ce, "To a bar shi mana, ɗana. Na ga mutane sun tashi tsaye, ya wadatar."

Da wani ne, da ya ce alhamdulillahi ya kawo ruwa. Amma garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

Ya kashe, ya kunna. Ya zagi sifika, ya zagi mai sifika. Ya sauko da wani kodek, allo ya cika da tallan maganin sanƙo. Mama ta leƙo ta ce abinci zai huce, ya ɗaga mata hannu kamar likita a tsakiyar tiyata. Gumi har cikin kwala. Can dai ya sauko da wata manhajar kallo daban, kuma wallahi, a ba shi haƙƙinsa, ta yi.

"Baba, gyara kunnuwa. Ba kullum ake jin irin wannan ba." Ya mirɗa sifika har ƙarshe.

"SAUKA! YA ISA HAKA! A ƘWACE MAKIRFON!"

Har maƙwabta sun ji. Ashe ran taron kusa da lasifika ya tsaya, muryarsa kaɗai yake ji, ihun nan ya ɗauka kirari ne. Ga shi ma a hoton yana dafa ƙirji yana godiya. Baiwar Allah kwamfutar nan, ashe tun ɗazu asiri take rufa masa!

Yana ta lalube, maɓallin rage murya ya ɓace masa.

Dattijo ya miƙe, ya sa takalmansa a natse.

"Sannu da aiki, ɗana. Gyara ya yi kyau, na ji komai raɗau. Amsar da kake jira kuwa, ai jama'a sun riga ni faɗa."