Yadda Ake Ɗaure Tarkon Tunku a Gaɓar Komadugu

Kai da kake neman ilimin tarko, ka iso wurin mai shi. Ni Laminu, sau huɗu na ɗana wa tunku tarko a bakin kogin Komadugu, kuma babu ɗaya da ya wuce ba labari. Bi matakan nan a jere. Na yi maka alkawari, kafin mako ya zagayo duk garin Geskeru ya san sunanka.

Mataki na ɗaya: Yi cika baki a gaban surukinka

Nawa surukin, Baba Grema, shi ya ba mu ɗaki, ni da matata Meram, tun da muka gudo daga Damasak da kayan jikinmu. Bandar kifinsa ta bakin kogi da gonar tattasai su ke ciyar da mu, baki goma sha ɗaya. Ni aikina a gidan yabon miya.

Ranar da ya shigo yana faɗan tunku ya cinye masa rabin tarwaɗa, na gyara zama na ce, "Baba, ku bar ni da shi. A Damasak Sarkin Tarko ake ce mini."

A Damasak cajin waya nake yi. Meram ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe. Kada irin wannan kallo ya dame ka. Gwani na gaske a gidansa ake fara raina shi.

Mataki na biyu: Kafa turke

Je kasuwar Diffa ka sayo tarkon ƙarfe mai sarƙa. Gaɓar kogin nan sama rairayi, ƙasa taɓo. Turke yana shiga kamar cokali a kunu, haka kuma yake fita. Kada ka nemi bishiya, na kusa duk an yi tuwo da su tun shekarar da mutane suka yi yawa. Buga turkenka da ƙarfi, yadda za a ji daga gida.

Da safe na tarar tunku ya janye kifin da na sa masa, turken ya tuge, tarkon ya cafke turken. Ka rubuta wannan a matsayin kamun farko.

Mataki na uku: Buhun yashi

Tunda ƙasa ta ƙi riƙewa, ɗauki ƙasar ka zuba a buhu, ka ɗaure sarƙa a wuyansa. Buhun da na samu na agaji ne, wanda Meram ke ajiye gero. Na juye geron a tabarma. Tunku ya yage gindin buhun, yashi ya koma wurin 'yan uwansa. Kaji kuma suka yi sallah a tabarma.

Mataki na huɗu: Reshen ƙaya

Wannan dabarar manya ce. Ɗaura sarƙa a reshen ƙaya, dabba ta ja shi, ya maƙale a ciyawa, ka bi sawu ka ɗauko abinka. Sai dai ka tabbatar dabbar ba ta iya iyo ba.

Guza ne ya taka nawa. Da hantsi na hango reshena a ƙetaren kogi, cikin Najeriya. Na naɗe wando zan shiga ruwa, sai wani soja mai sintiri, Soumana, ya daka mini tsawa.

"Kai! Ina za ka?"

"Shef, tarkona ne ya ƙetare."

"Shi kaɗai?"

"A'a, da guza."

"Zauna nan."

Na zauna a rana har azahar, sai da Baba Grema ya bar aikinsa ya zo ya shaide ni. Ya ce wa sojan, "Mijin ɗiyata ne. Ba mugu ba ne, iyakarsa ke nan." Wani masunci ya ƙetaro mini da tarkon. Guza ya bar mini guntun wutsiya.

Mataki na biyar: Nemi abin da ba ya motsi

A duk gaɓar, abu ɗaya ne mai nauyi: motopomp ɗin Baba Grema, injin da ke jan ruwa zuwa gonar tattasai. Na zagaya sarƙa a ƙafarsa, na ƙulle. Tunku ba zai ja shi ba. Guza ma ba zai iya ba. Ban yi lissafi da saniya ba.

Shanu suka gangaro shan ruwa. Tarko ya harba a gaban hancin wata jar saniya, ta zabura, ƙafarta ta sarƙe. Ina tsaye ta ja injin daga kan gaɓa ya faɗa kogi. Ita ta zame ta yi gaba, makiyayinta na bin ta yana zagin mai tarko.

Mu shida muka fito da injin, yana zubar da laka. Tattasai ya fara fure, in ya kwana uku ba ruwa zai ƙone. Baba Grema bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya shafa injin. Da ma ya mare ni.

Mataki na shida: Ɗauki bido biyu

Bakanike a Diffa ya ce gyaran injin sai kwana tara. Babu wanda ya aike ni. Na rataya bido biyu, wato jarkokin ruwa, a sanda, daga kogi zuwa gona, kunya bayan kunya, tun hantsi har magariba. Kafaɗata ta saɓule, Meram na gasa mini da ruwan zafi tana cewa, "Malam, da bakinka ne ke ɗaukar ruwan, da tuni an gama."

Ita kuwa gwangwanayen tumatir ta yanke, ta naɗe ƙafafun gadon banda da su. Tunku ya zo, santsi ya kwashe shi, ya koma gidan maƙwabta.

Tattasai bai mutu ba. Rana ta tara Baba Grema ya zo gona da kansa, ya miƙo mini kan tarwaɗa mafi girma a bandar, ya ce, "Ci, Laminu. Gobe ma ka zo. Amma kada ka taɓa komai."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa buhu, inji ko mutunci, shi ya jiyo. Ban san shi ba, bai san ni ba. In kuma wani makiyayi ya zo yana tambayar wanda ya rubuta wannan, ku ce masa Laminu bai iya rubutu ba.