Inuwar Maestro a Kan Ƙyallen Majigi

Garinmu bai taɓa haifar mutum irin Don Eleuterio Barragán ba, kuma shi da kansa ya sha tuna mana haka. Shi ne madugun makaɗan gari. In ya ɗaga 'yar sandarsa, masu goge ashirin sai su kama kiɗa daidai. In ya manta bai ɗaga ba ma haka suke yi. A gabansa Maestro, wato gwani, suke ce masa, a bayansa kuwa Mai Korar Sauro.

Bana a bikin fasaha aka shirya haska fim ɗin zane a dandalin coci, labarin kaza da dila, makaɗa na zaune ƙasan ƙyallen majigi suna raka shi da kiɗa. Sai aka ji Doña Nubia, mai zaɓo madugai wa babban zauren kiɗa na Bogotá, babban birnin ƙasarmu, za ta halarta. Shekara goma sha tara ke nan Maestro yana jiran Bogotá ta kira shi.

"A ƙara wa dakalina tsayi," in ji shi. "Baƙuwa ba ta baro Bogotá don ta kalli kaza ba."

Wilmer mai majigi ya ce, "Maestro, ai hasken ta nan yake bi."

"Ɗana, kai da wayoyi aka san ka. Bar wa manya harkar fasaha."

Aka ɗora akwatunan lemo biyu, ya hau, ya ɗan karkace don baƙuwa ta samu gefen fuskarsa mai kyau. Ana kunna majigi, sai ga wata baƙar halitta a tsakiyar fim, ga tumbi, ga hanci har bakin akurkin kaza. Shi bai gani ba, don manyan madugai da ido rufe suke aiki.

Dila na leƙowa, sandar inuwa ta sauka a kansa. Yara suka ajiye masarar da suke gaguya, suka miƙe.

"Ƙara masa, Baba Hanci!"

Maestro ya ji dandali ya ruɗe, ya tabbata yau garin nan ya gane darajarsa. Ya ƙara himma, yana sara sama da ƙasa, yana tsalle. Dila ya sha duka, kaza ma ba ta tsira ba. Mai busa kakaki ya ƙware don dariya, masu goge suka sunkuyar da kai.

Da aka tashi, Doña Nubia ta ratso jama'a tana share hawaye, ta riƙe hannunsa biyu.

"Maestro, lallai ne ka zo mana Bogotá."

Ya dafe ƙirji, ya rusuna mata. Ni kaina sai da na tausaya masa.

"Mun daɗe muna neman mai ba da dariya don ranar yara," in ji ta. "Ka taho da kayan aikinka duka. Hancin nan a ina ka saya?"