Wuƙa Mai Baki Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a bakin kogin Haɗeja ba, kuma Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta.

A lokacin ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a cikin gari. Ana tsakiyar yaƙin basasa, kuɗi kuma sule ne da sisi. Dukiyata a duniya ba ta wuce farin wando biyu da taguwa uku ba, sai kuma wani babban ra'ayi da nake da shi game da kaina. Mu asalinmu makiyaya ne, kuma ba na gajiya da gaya wa mutane haka, duk da cewa kakana ne mutum na ƙarshe a gidanmu da ya taɓa bin bayan saniya. Ni abin da na sani game da shanu bai wuce nonon da ake dama fura da shi ba. Amma na taso ina jin cewa kakan nan nawa ko wanka zai yi ba ya kwance wuƙa daga damtsensa, saboda haka na yanke wa kaina hukuncin cewa bai dace jikansa ya riƙa fiƙe wa yara fensir da guntun reza ba.

Wuƙa mai kube ba ta tafiya da farin wando, kuma na san hedimastanmu ba zai bar ni in shiga aji da ita ba. Ke nan sai mai naɗewa, wadda za ta kwanta a aljihu, kuma wadda ba za ta fi ƙarfin aljihun ba. Mako uku na yi ina zagaya kasuwa a kan wannan magana. (Auren fari ma ban yi masa bincike haka ba.)

Na fara da wani tsohon maƙeri da ke da rumfa a gefen 'yan kifi. Ya ɗauko wata ƙirar hannunsa, ƙotarta ta ƙaho, ya buɗe ta da yatsa ɗaya, ya ɗan aske gashin hannunsa da ita, ya miƙo mini.

"Ga ta nan, Malam. Baki ɗaya gare ta, kamar mutumin kirki."

Na juya ta, na sake juyawa. Na ce, "Baba, me da me take yi?"

"Yanka."

"Shi ke nan?"

"To, Malam, waƙa kake so ta yi maka?"

Na ajiye masa abinsa na ce zan dawo. Shi ma ya san ba zan dawo ba, don bai ko ɗaga kai ba.

Can gaba na iske wani ɗan koli wanda jirgin ƙasa ke sauke wa kaya a Malam Madori. A tsakiyar maɓallai da madubai na hango wata wuƙa, ja wur, tana ƙyalli. Da ya ga idona ya tsaya a kanta, sai ya ɗauka ya shiga buɗewa ɗaya bayan ɗaya: ga almakashi, ga magagari, ga basilla, ga mabuɗin gwangwani, ga ɗan cokali, ga kuma wani murɗaɗɗen ƙarfe kamar jelar hawainiya. Na tambaye shi aikin murɗaɗɗen, ya ce na cire ƙaya ne. (Sai bayan shekaru wani tsohon kukun Bature ya gaya mini na buɗe kwalbar giya ne. Ni kuwa har liman na nuna wa.) Na bakwai shi ne bakin wuƙar kansa. Na lura shi wannan bai buɗe shi da farce ba, sai da ya sa gefen kwabo ya banƙare shi.

"Sabuwa ce, Malam, shi ya sa take taurin kai. Ka riƙa ɗiga mata man gyaɗa, za ta saki."

Sisi kawai ta ɗara ta maƙerin. Ni kuwa malamin lissafi ne. Na raba kuɗin gida bakwai a zuciyata, na ga kowane baki ya faɗo mini kusan a kyauta, na kuma yi mamakin yadda har yanzu ake samun masu sayen wuƙa mai baki ɗaya a garin nan.

Man gyaɗa dai ban ɗiga ba, don ina tsoron ya ɓata mini farin wando. Da farko nakan buɗe bakin wuƙar da farcen babban yatsana, da kyar, ina cije leɓe. Da damina ta yi nisa sai ya ƙara ƙanƙamewa, ni kuma na koma wa guntun rezata a ɓoye. A bainar jama'a kuwa almakashin nake fitarwa, ko in sha koko da ɗan cokalin, wanda sai na kai baki sau sittin kafin in ga gindin kwano. Malamai suka fara ce mini Mai Wuƙa, ni kuma ina amsawa.

Ranar Juma'ar da nake ba ku labari, da hantsi na zauna a ƙofar ofis inda kowa zai gan ni, na yanke farcena da almakashin nan, duka goma, har sai da na kai ga tsoka. Bayan an sauko daga masallaci na kama hanyar zuwa gaida yayata da ke aure a wani ƙauye ta wajen Kafin Hausa. Kogi ya cika ya tumbatsa, fadama duk ta zama ruwa, ba hanyar wucewa sai kwalekwale.

Mu bakwai ne a ciki. Ni, da dattijo mai fito, da mata huɗu masu dawowa daga sayar da kifi, da wata tsohuwa riƙe da igiyar wani farin rago wanda aka ɗaure wa ƙafafun gaba. Rago ne na gaske, mai wuya kamar turmi. Ba mu yi nisa ba na zaro wuƙata na buɗe almakashi na datse wani zare a hannun taguwata, zaren da tun a gida na gan shi na bar shi don irin wannan lokaci. Matan suka duba, na ji daɗi.

Na ce, "Iya, wannan rago kasuwa za shi?"

"Ina! Suna za shi, ɗan nan. Matar ɗana ce ta haihu a gidan iyayenta, gobe kwana bakwai. Uban yana can bakin daga, wata tara ke nan ko takarda ba mu gani ba. Na ce ko ba ya nan, ba za a raɗa wa ɗansa suna a bushe ba."

Ta ce tun yana ɗan jariri ta saye shi, shekara biyu tana ba shi dusa da harawa, a ɗakinta yake kwana. Ni kuma na gyara zama na yi mata bayani a kan kiwon raguna, na kawo mata har da labarin kakana. Ta saurare ni da haƙuri irin na wadda ta saba da yara.

Mun kusa gaci ke nan kwalekwalen ya daki wani kututture da ruwa ya rufe. Muka yi tangal-tangal, mu muka daidaita, ragon kuwa ya tafi da ka cikin ruwa, igiyar ta fizge daga hannun tsohuwar. Mai fito ya yar da sandar tuƙi ya bi shi. Ya ɗan jima kafin ya kamo ƙahonsa, ya ja shi zuwa gaci, mu kuma muka sauka muka ƙarasa da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Ragon yana kwance a kan yashi, cikinsa ya kumbura, ruwa na fita ta hancinsa, idonsa na juyewa. Mai fito ya danna masa ciki, ya ɗaga ƙafafunsa na baya, ya girgiza kai.

"Iya, ba zai tashi ba. A yanka shi tun da sauran rai. In an yanka, mahauci zai karɓa ya ba ki wani ko ƙarami ne, a yi suna gobe."

Tsohuwar ta ce, "A yanka, a yanka! Kada ya yi mini mushe!"

Bukkar mai fito tana kan tudu, ba ta fi taku arba'in ba, kuma wuƙarsa tana ciki. Har ya miƙe zai ruga. A nan ne na ɗaga hannu, irin yadda nake tsayar da yara in sun tashi kafin a kaɗa ƙararrawa.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. Ina da wuƙa."

Ya dube ni, ya dubi farin wandona da ya jiƙe, ya ce, "Alhamdu lillahi, ga malami ma." Ya durƙusa ya juyar da ragon alƙibla, ya tona ɗan rami da hannu, ya take ƙafafun, ya miƙar da wuyan. Matan suka ja da baya. Kowa ya yi abin da ya kamata ya yi, saura ni.

Na zaro ta, na sa farce, sai na tarar ba farce. Yatsana ya zame a kan ƙarfen kamar an shafa sabulu. Na gwada da ɗaya hannun, shi ma haka. Na matsa da ƙarfi na fizga, wani abu ya buɗe, na yi bisimilla na sunkuya. Cokali ne.

"Malam, yi sauri."

"Yanzu, Baba."

Na sake fizga, almakashi ya fito. Na sake, magagari. Waɗannan dama ko iska ta busa buɗewa suke yi. Kafin a ce haka wuƙar ta baje a hannuna baki shida, kowanne ya kalli gabansa, na bakwai ɗin da ake nema kuwa yana kwance abinsa. Na sa haƙori, na ji ɗanɗanon tsatsa. (Akwai kwabo uku a aljihuna. Sai bayan kwana biyu na tuna da su.)

Tsohuwar ta matso ta miƙo hannu. "Kawo, ɗan nan. Kawo in gani."

Ku ji abin da bakina ya faɗa, don ban taɓa ɓoye shi ba kuma ba yau zan fara ba. Na juya mata kafaɗa na ce, "Iya, wannan ƙirar Turawa ce, sai wanda ya san kanta."

Ta sake cewa kawo, na sake yin kamar ban ji ba. Ragon ya yi shure-shure sau biyu. Mai fito ya ga abin ba na ƙare ba ne, ya sake shi ya ruga tudu, tsoho da shi, yana tuntuɓe. Sanda ya dawo da wuƙarsa a hannu, ragon ya daina motsi. Ya durƙusa ya taɓa ƙwayar idon da yatsa, ido bai ƙifta ba. Ya sake taɓawa. Sannan ya mayar da wuƙarsa kube a hankali.

Ba wanda ya zage ni. Da ma a ce an zage ni, da na samu abin riƙewa. Matan suka yi ta salati ƙasa-ƙasa, ni kuma ina tsaye a tsakiya da cokali a buɗe, kunya ta rufe ni. Ban taɓa ƙin kaina kamar wannan lokacin ba.

Tsohuwar ta tsuguna ta shafa wuyan ragon, ta daɗe tana shafawa. Daga nan ta kama kullin igiyar za ta kwance, amma ruwa ya ɗaure shi tamau. Ta ɗago ta miƙo mini hannu a karo na uku. Na ba ta.

Ta rufe baki shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ta juya wuƙar, ta sa farcen babban yatsanta mai kauri irin na wadda ta yi shekara hamsin tana aiki, ta ɗan danna. Ƙyas! Bakin ya buɗe. Ta yanke kullin da ja ɗaya, ta naɗe igiyarta ta sa a ƙwarya, ta goge wuƙar a gefen zanenta, ta rufe, ta miƙo mini.

"Tana da kaifi kuwa," in ji ta. "Allah ya sa albarka."

Na bi ta har kan tudu ina roƙon ta gaya mini gidan da za a yi sunan, na ce yayata tana da awaki, zan kawo ko ɗan taure ne kafin gari ya waye. Ta tsaya ta dube ni, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Bar shi, ɗan nan. Rabon ungulu ne. Kai dai sanadi ka zama."

Ta ɗora ƙwaryarta ta bi hanyar cikin dawa, igiyar da ba rago tana leƙowa ta gefe. Ban san sunanta ba, ban san sunan ƙauyen ba, kuma har yau ban san da me aka raɗa wa yaron nan suna ba. In yana raye yanzu shi ma dattijo ne, wataƙila har mun taɓa haɗa sahu a masallaci bai san ni ne na cinye masa ragon suna ba tare da na ɗanɗana ko tsoka ɗaya ba.

Na koyar shekara talatin da wani abu bayan wannan, na kuma karanta littattafai da dama, amma darasin da ya fi zauna mini gajere ne: in abu ya gagare ka, tsohuwa kuma ta ce kawo, to ka kawo tun rago yana numfashi.