Kalangu a Sanarwar Allurar Shanu

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Afrilu, 2016, da ƙarfe goma da kwata na safe, na fara haɗuwa da Zakiyyu da kakarsa Iya Kulu. Ni ne akawun wata ƙungiyar masu kiwo a Daura. Mun shirya allurar rigakafin shanu, shugabanmu Alhaji Sada ya ce a yi sanarwa mai kiɗan gargajiya, a ɗora lasifika a mota a zaga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. Zakiyyu aka ba aikin, kuma shi ne na farko da ya samu tun da ya buɗe situdiyo a zauren gidansu. An gaya masa in bai gama ranar Juma'a ba, Katsina za a kai aikin. Ni aka tura in ga inda aka kwana.

Na same shi gaban kwamfuta da fiyano. A fuskar kwamfutar akwai zanen akwatuna a jere, wayoyi masu launi sun ratsa juna a kansu. Ya ce manhaja ce ta ƙera muryar kayan kiɗa: kowane akwati da aikinsa, kai ne za ka jona wayoyin. Ya ƙera murya uku, kalangu da sarewa da garaya, amma duk abin da ya danna, kalangu ne ke fita. Ina cikin rubuta wannan sai wata tsohuwa ta ɗaga labule daga cikin gida, da kwano a hannu.

"Lafiya lau, ɗan nan, ya iyali?" ta amsa gaisuwata, ta juya kan jikanta. "Kai maigida, ina naman?"

"Wane nama kuma, tsohuwa?"

"Tun safe nake jin kalangu. Na ce yau mijina ya yi abin kai, ya kayar da sa."

"Ko na yanka, da me za ki ci? Haƙoranki biyu ne, su ma ba sa gaisawa."

"Da su na ci naman sunanka, mara kunya. Ragon ma ƙashi ne zalla, shi ka gado."

"Ki koma ciki, aiki nake. Murya uku nake nema."

"Uku? Ɗayar da Allah ya ba ka me ka yi da ita? Ko sallamar kirki ba ka iya ba."

"Ba tawa ba. Ta na'ura."

Ta matso ta ƙura wa kwamfutar ido. "Wannan wace irin igiyar shanya ce? Wa ya yamutsa ta?"

"Wayoyi ne."

Ta zura hannu bayan kwamfutar tana lalube. "Ina suka bi? Babu komai a nan."

"Ba na gaske ba ne. Zane ne."

"Zane ne ya hana ka cin tuwona jiya? Malam akawu, rubuta ka aje: mijina ya sarƙe da igiyar da babu ita."

Ban rubuta ba. Zakiyyu ya ja wata waya daga wannan akwati ya kai wancan, ya danna fiyano. Kalangu ya amsa.

"Kin ji ko? Wannan sarewa ce."

"Wannan ce sarewa?"

"Sarewa ya kamata ta zama."

"Ni ma budurwa ya kamata in zama. To masu kiɗan suna ina? A cikin akwatin?"

"Babu kowa a ciki."

"Ai uku ka ce."

"Uku ne, amma babu su."

"Ka gayyato mutum uku, babu su, ɗaya ya zo, shi ma ba shi ka kira ba. Kai, ni dai a sake ni in auri mai hankali."

"Wa zai kwasa? Tun zamanin anini kike kasuwa ba a taya ba." Ya waiwayo ni. "Malam, wace waya na cire ɗazu?"

Na duba littafina. "Koriya, daga akwati na biyu."

"Ai babu koriya a na biyu."

"Yanzu babu, tunda ka cire."

"To ina na kai ta?"

"Ban gani ba. Iya ta tare mini."

"Kin ji! Ke ce matsalar. Tun da kika shigo na'urar ta firgita."

"Kafin in shigo wa take tsoro?" Ta nemi tabarma ta zauna. "Wai ma bikin wa ake yi, da ba a kawo mini goro ba?"

Na yi mata bayani: ba biki ba ne, kira ne ga makiyaya su kawo shanunsu a yi musu allura. Ta aje kwanon a ƙasa.

"Su kawo shanunsu?"

"E, Iya."

"Da kalangu?"

"Shi ne a gaba," in ji Zakiyyu. "Ya fi ƙara, ko daga bakin tasha za a ji."

"Za a ji kuwa. Kai ɗan boko, kalangu kiɗan su wa?"

Zakiyyu ya dube ni. Ni na amsa, murya ƙasa-ƙasa: "Na mahauta."

"To! In mahauci ya kayar da sa, shi ake kaɗawa gari ya san akwai nama. Ka shiga kasuwar Mai'adua kana kiɗan fawa, kana cewa a kawo shanu? Wallahi kafin la'asar kowane makiyayi ya tsallaka da garkensa Nijar."

Na buɗe takardar jerin kayan kiɗan da muka ba shi. Kalangu ne farkon abin da aka jera, da rubutun hannuna. Mu biyar muka zauna a kan takardar nan, duk 'yan cikin gari, babu wanda ya lura.

"Kwana biyu na yi ina gyara muryar kalangun nan," in ji Zakiyyu. "Shi kaɗai ne ya yi kyau."

"Shi kaɗai ne ya fito dai. Kore shi."

"Ki bari in rage masa murya."

"Mahauci ko da raɗa ya yi magana, saniya ta san shi. Kore shi, na ce."

Ya ɓata rai, ya goge akwatin kalangun ɗungurungum. Ya danna fiyano. Shiru.

"Shi ke nan, kin kashe mini aiki! Da ina da ɗaya, yanzu babu ko..." Ya tsaya, ya kusa manna hanci a jikin kwamfutar. "Ina wayar sarewa ta tafi? Ta garaya ma babu."

"Sun bi ubangidansu," in ji tsohuwa.

Gaskiya ta faɗa ba tare da ta sani ba. Ashe wayoyin sarewa da garaya ba su taɓa isa mahaɗar da ke kai sauti lasifika ba. Cikin akwatin kalangu ya cusa su tun daga farko, tarin wayoyi ya rufe wurin. Ya ja sabuwar waya daga sarewa zuwa mahaɗa, ya ba ta layi na ɗaya. Ya ja wata daga garaya, ya ba ta layi na biyu. Da ya ɗora hannu biyu a fiyano, sai sarewa ta tashi siririya, garaya tana biye da ita. Ƙarfe goma sha biyu saura minti biyar.

Iya Kulu ta karkata kai ta saurara. "Wannan kam ko ni saniya ce zan zo."

"Ai saura ƙaho kawai."

"Ƙahon na bar wa mijina. Wa ya gyara?"

"Ni."

"Malam akawu, wa ya gyara?"

Na ce abin da na gani shi zan rubuta. Zakiyyu ya kwashe da dariya har ya riƙe ciki. Ya ciro kwalbar turare daga aljihu ya miƙa mata hannu bibbiyu.

"Na sallama, amarya. Ke ce injiniya."

Ta ɗaga kwalbar ta duba a haske. "Saura rabi. Na karɓa, ba don halinka ba."

An zaga da sanarwar Lahadi uku a jere, a Mai'adua, aka kuma kai ta Zango da Dutsi. Makiyaya sun kawo shanu. Zakiyyu ya ci gaba da samun aiki, yanzu murya takwas yake fitarwa lokaci ɗaya daga wannan manhajar. Bai ƙara sallamar wani aiki ba sai ya shiga cikin gida ya kunna wa Iya Kulu ta ji, ta zage shi, ya gyara. Ta rasu a daminar 2021. Ya gaya mini tun daga lokacin sau biyu aka dawo masa da aiki.