Yadda Injiniya Maiwada Ya Koma Kore

Duk unguwar Limawa babu mai ilimin zamani kamar Alhaji Maiwada Sheshi, wanda bai yarda ba kuwa ya je ya tambayi Alhajin da kansa. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa, amma tun ranar da ya dawo daga Abuja rataye da kwamfutar tafi-da-gidanka ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya. Ko ta'aziyya za shi, da ita yake zuwa. Yakan ce daga Dubai aka kawo ta, guda uku kacal suka shigo ƙasar nan. Sauran biyun har yau ba a ji ɗuriyarsu ba.

Da zaɓen shugaban ƙungiyar masu kayan gini ya matso, Injiniya ya fito takara. Shekara shida yana mafarkin kujerar nan, har babbar rigar rantsuwa ya ɗinka ya ajiye. Abokin karawarsa Ndakotsu ne, wani dattijo mai sayar da ƙusa, wanda ko saƙon waya sai an karanta masa. Kamfen ɗin Alhaji magana ɗaya ce: ƙungiya na bukatar mai ido a kan zamani.

Ana saura mako guda, kwamfutar ta suɓuce daga cinyarsa a cikin keke Napep. Ba ta fashe ba, sai dai komai a sikirin ya koma ruwan hoda, hoton Alhajin kansa na fostar kamfen ya zama kamar wanda ya yi wanka da zoɓo. Ƙaramin mutum zai ce kwamfuta ce ta samu matsala. Injiniya cewa ya yi mai ɗaukar hoto ne bai iya aiki ba. Ya zauna yini guda yana rage ja yana ƙara kore, har fuskarsa ta dawo fes a idonsa.

Ya kai hoton shagon Hadassah Kambai mai buga fosta. Tana buɗe shi a tata kwamfutar ta ga fuskar kore, sai ta juyo masa da sikirin. Cikin ladabi ta roƙe shi ya bari ta jona tasa da wani sikirin a gani, domin in na'ura ta faɗi, siririyar wayar da ke bi ta mahaɗin murfi takan yi sako-sako, launi ya rikice. Ta ce aikin minti biyar ne.

Alhaji ya rungume jakarsa.

"Madam, taki 'yar gwanjo ce, launi ya gaji a cikinta. Tawa ba ta ƙarya. In kika buga a takarda zai fito yadda na gani. Da Injiniya fa kike magana."

Ta ce to a buga ɗaya a gwada. Ya ce gwaji na masu shakka ne, shi Zungeru za shi kai kaya, sai safiyar zaɓe zai dawo. A buga ɗari biyu da babba guda, a manna ko'ina. Hadassah ta sa ya rubuta da hannunsa cewa a buga yadda yake, ya kuwa sa hannu har da ƙawa.

Kwana uku Limawa tana kallon Alhaji a kowane bango, kore shar kamar miyar kuka, yana murmushi. Wata tsohuwa ta tsaya gaban babbar fostar ta yi masa addu'ar samun sauƙi. Magoya bayansa suka daina bi ta babban titi.

Ranar zaɓe ya shigo zauren taro yana huci, ya dangwarar da kwamfutar a tebur, sikirin na fuskantar jama'a, shi yana tsaye a bayanta.

"'Yan'uwa, makirci ne. An haɗa baki da mai buga fosta don a ɓata ni. Ga asalin hoton nan, ku zama shaida."

Ya fizgi murfin da ƙarfi har ya kai shi ƙarshe. Wayar nan da Hadassah ta yi magana a kanta ta koma mazauninta. Ruwan hoda ya washe, fari ya koma fari, fuskar Injiniya ta bayyana kore shar, babu abin da ya raba ta da ta bango.

Shi bai gani ba, jama'a yake kallo. Ya ɗauki shirun da aka yi a matsayin nasara, ya daki ƙirji.

"Ku duba da kyau. Wannan shi ne ni. Da hannuna na gyara shi, babu wanda ya taya ni."

Ndakotsu ya gyara tabarau, ya leƙa, ya ce, "Mun gani, Alhaji. Kai ne."

Ƙuri'a bakwai Injiniya ya samu, har da tasa. Rigar rantsuwa tana nan a ninke cikin akwati. Kwamfutar dai ta warke a ranar, ita kaɗai.